Kalma Ta Goma

Litinin, da hantsi

Malama ce take rubuta min wannan, Malama ta ɗakin sama, wadda ta koyar da yara shekara talatin kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ni ban taɓa shiga aji don karatu ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min baki, ta ce to. Littafin na Takwara ne, jikata da aka sa wa sunana. A kan firji ta manta shi ranar da ta tafi. Gabansa karatunta ne na jami'a, bayansa babu komai, to a bayan muke rubutu.

Ga dalili. Babanta, wato ɗana, ya ce ranar Asabar ta ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe ni da kayana zuwa can garin da yake aiki, saboda an gaya masa gigin tsufa ya kama ni. Shekara arba'in da ɗaya ina cikin ɗakin nan. A nan mijina ya cika. Ina so kullum a rubuta abin da na yi da abin da na tuna, in ya zo Malama ta karanta masa, ya ji da kunnensa ko kan nawa ya zube.

Takwara bana ta shiga jami'a, tana karanta abin da suke cewa ilimin halayyar ɗan Adam. Da ta gaya min na ce ashe hali ma sai an biya kuɗin makaranta. Malaminsu ya ba su aiki, kowa ya nemi tsoho a gida ya yi masa tambayoyi, ya ɗauki muryar a waya, ya rubuta ya kai. Ranar Larabar da ta wuce ta zaunar da ni a bakin gado, ta ɗora wayar a cinyata, ta canja murya kamar ma'aikaciyar asibiti.

Ta ce yau nawa ga wata. Na ce Laraba ce, motar shara ta wuce. Ta ce ba rana ba, kwanan wata. Ta rubuta wani abu. Ta ce in fara daga ɗari in riƙa cire bakwai bakwai ina komawa baya. Na ce wa yake ƙirga da baya in ba wanda aka yi wa sata ba. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo min biro ta ce in zana agogo, hannayensa a kan sha ɗaya da minti goma. Ni da nake gane lokaci da inda rana ta kai a jikin bangon can. Na riƙe biron kamar cokali, na yi wani abu kamar ƙwai. Sannan ta karanta min kalmomi goma da sauri, ta ce in riƙe, ta yi min wata hira, ta dawo ta ce in faɗa mata su. Uku kawai na kawo.

Da yamma na ji ta a baranda tana waya da Babanta, ta rage murya. Da ta shigo na faɗi wata magana. Ba zan maimaita ta ba. Ta sa kaya a jaka, ta kwance kan tukunyar gas ta sa a ciki, ta tafi ɗakin kwanan ɗalibai wajen ƙawarta.

Ya isa na yau.

Talata, bayan azahar

Takardar kalmomin tana nan a tsakiyar littafin. Na hana Malama karanta min. Na ce ta dai riƙa dubawa in na faɗa.

Madubi, kogi, allura. Su ne ukun da na kawo ranar. Bayan Takwara ta tafi, ɗakin ya yi tsit, sai wasu suka riƙa fitowa da kansu kamar kaji in baƙo ya fita. Akuya. Gishiri. Tsani. Malama ta ce duk suna ciki. Shida ke nan. Rubuta shida.

Tun ranar ban kunna wuta ba, tunda babu kan gas. Malama tana sauko min da abinci a kwano, tana dafa ƙarfen bene, tana tsayawa a kowace matakala. Na ce mata mu biyu in aka haɗa mu za a samu mutum ɗaya mai lafiya, ni ƙafa, ita ido. Ta ce ai kuwa sai a rasa wa zai ba da haƙori.

Ni da na ciyar da gidan nan, yau sai na jira ƙarar takalmin wata kafin in ci.

Laraba, da safe

Motar shara ta wuce. Laraba ce. Mako ɗaya.

Alhamis, da la'asar

Yau na ce Malama ta karanta min daga gaban littafin, in ji abin da ake koya musu da har aka gano ni da shi. Ta gyara tabarau ta karanta labarin wani mutum da karensa. Kullum in zai ba karen abinci sai ya kaɗa ƙararrawa. Da aka jima, ko babu abinci, in ya kaɗa sai karen ya fara zubar da yawu.

Na ce tsaya. Na san karen nan.

Shekara ashirin da shida na yi ina shara a jami'ar nan tasu, har na yi ritaya. Babban ɗakin lacca na biyu nawa ne, wanda tagarsa ta uku ba ta rufuwa. In ɗalibai sun watse sai in shiga in share, in kwashe takardu, in goge allo. Kowace shekara, makonnin farko, sai in tarar an zana kare a allon, da ƙararrawa a gabansa, da kibiya tsakaninsu. Wani malamin ya iya zane, wani kuma karensa kamar tunkiya. Sau ashirin da shida na goge karen nan da tsumma, ban taɓa sanin laifinsa ba sai yau.

Muna cikin haka ƙofar ƙarfe ta waje ta yi ƙara. Lokacin ne Takwara take dawowa. Kafin in ankara na miƙe, na kai hannu kan buta zan ɗora ruwan shayi. Mai gyaran famfo ne ya shigo wajen mutanen ƙasa.

Na koma na zauna. Na ce mata to ga karen nan a gabanki, sai ki zana.

Asabar, da hantsi

Babanta ya bugo. Malama ce ta danna min. Ya yi ta gaisuwa da wata murya mai laushi, irin wadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ce ya gyara min ɗaki da banɗaki a ciki, ga fanka, ga matarsa tana gida. Na ce ɗakin yana hawa na nawa. Ya ce na shida, amma akwai na'urar hawa. Na ce wa na sani a can. Ya ce ai ga su.

Na ce masa ina da kalmomi shida. Bai gane ba. Na fara jero masa, madubi, kogi, allura, sai na ji ya yi shiru irin na wanda ya ƙara tabbatarwa. Sai na bari.

Na tambaye shi ko Takwara tana cin abinci. Ya ce lafiyarta ƙalau. Ban ce ya gaishe ta ba. Rubuta cewa ban ce ba, amma na so.

Litinin, bayan azahar

Lemo. Takalmi. Takwas.

Lemon ya zo min ne a bakin shago, na gan shi a tire. Takalmin kuwa na Takwara ne, silifas ɗinta na wanka, yana nan a bakin ƙofa inda ta cire shi. Na share gefensa na bar shi.

Abin da nake so Babanta ya ji: a wurin aikin can makullai goma sha huɗu nake riƙewa a zobe ɗaya, duk iri ɗaya, an manna musu lamba. Ban san lamba ba. Da ɗan yatsa nake gane kowanne, ko a duhun safiya. Ba a taɓa cewa na buɗe ƙofar da ba ita ba. Na san malamin da yake barin tabarau a kan tebur, na san ɗalibar da take kuka a layin baya duk lokacin jarrabawa, in ajiye mata tsumma mai tsabta. Har yau in ka kai ni zan nuna maka kujerar da take da ƙusa. Amma a ce madubi, a ce kogi, a ce akuya, babu mai su, babu inda suka fito, babu inda za su. Wa yake riƙe abin da ba na kowa ba?

Malama ta ce maganata tana da ƙarfi. Ta ce ita ma da ta duba tambayoyin, duk na 'yan boko ne. Na ce to ki gaya wa jami'a.

Talata, da yamma

Malama ta tambaye ni ƙaramar tukunyata mai murfin gilas, za ta zubo min wake a ciki. Na ce na ba da aro. Ta ce wa na ba. Na ce ta kawo a kwano kawai.

Ta ce kamar ɗakin yana ɗan ƙauri. Na ce daga waje ne, suna ƙona shara.

Kar ki rubuta wannan.

Alhamis, da hantsi

An yi ruwa, ba wanda ya fita. Malama ta sake karanta min daga gaba. Wai an ɗauki jariran birai an raba su da iyayensu, aka yi musu uwa biyu ta ƙarya. Ɗaya ta wayar ƙarfe ce, ita ke da kwalbar madara. Ɗaya an naɗe ta da tawul, ba ta da komai. Biran sai su je su sha madara da sauri su koma su maƙale jikin mai tawul. In aka tsorata su, wajenta suke gudu.

Na ce wane marar imani ne ya yi wannan. Malama ta ce an daɗe, kuma ga shi Takwara ta rubuta a gefe cewa yanzu an hana. Ta ce akwai wani abu kuma da ta rubuta a gefen da ƙaramin rubutu, amma ta soke shi. Na ce me. Ta kai littafin bakin taga, ta ce ta ga kamar "zanin Kaka".

Takwara tana da shekara biyu aka ajiye min ita a bakin ƙofar nan da jaka ɗaya. Wadda ta haife ta ce ta ajiye ta, ba ta ko zauna ba. Babanta yana can wurin aiki. Wata shida yarinyar nan ba ta saki bakin zanina ba. Da ita nake zuwa aiki, ina shara tana biye da ni tsakanin kujeru, hannu ɗaya a zani. In zan goge allo sai in ba ta guntun alli ta yi ta zane a ƙasa. A ɗakin nan ta fara riƙe alli, ɗakin da take zaune yanzu tana koyon yadda ake gane tsohuwa ta ruɗe.

Ban taɓa ambata mata wadda ta ajiye ta ba. Shekara goma sha bakwai ban ambata ba. Sai ranar Larabar nan.

Rufe littafin.

Juma'a, da la'asar

Ƙofar ta yi ƙara sau huɗu. Sau biyu kawai na miƙe.

Lahadi, da hantsi

Gajimare. Tara.

Malama ta ce yaya nake yi kalmomin ba sa guje min. Na ce na ba kowanne wurin zama. Madubi yana inda madubi yake. Kogi na sa shi a bokitin wanka. Allura a labule. Akuya na ɗaure ta a ƙafar gado. Gishiri a kan firji, tsani a jingine da bango, lemo a taga, takalmi a bakin ƙofa, gajimare a silin inda ruwa ya yi tabo. Da safe in na tashi sai in zagaya in gaishe su. Malama ta yi ta buɗe shafi, ta ce wallahi ga shi nan a karatunsu, dabara ce mai suna, har an ja mata layi za ta fito a jarrabawa. Na ce to a ba ni takardar shaida.

Ta goman ce ta ƙi. Na zagaya ɗakin nan, na zagaya, babu. In na kwanta da rana sai in ji kamar tana tsaye a bayan ƙofa. Malama ta ce in bari ta faɗa min farkonta kawai. Na ce in ta faɗa ba tawa ba ce. In har ta fita daga kaina ta ƙi dawowa, to ƙila gaskiyarsu ne, akwai rami a wurin.

Saura kwana shida.

Talata, bayan la'asar

Yau na je jami'ar. Ban gaya wa Malama ba sai da na dawo, tana ta faɗa.

Na hau bas daga bakin titi. An canja ƙofar jami'ar, an sa gilas. Mai gadin sabo ne, ya ce wa nake nema. Na ce tsohuwar ma'aikaciya ce, ya dube ni ya bar ni. Bishiyar da muke cin abinci a ƙarƙashinta an sare, an yi wurin ajiye motoci. Ɗakin lacca na biyu yana nan. Taga ta uku har yanzu ba ta rufuwa, ta nan na leƙa.

Sun cika, sun fi ɗari biyu. Babu alli yanzu, hoto ake haskawa a bango, hoton ƙwaƙwalwa an raba ta launi launi. Malamin ɗan siriri ne, yana yawo yana magana da hannu. Na ga Takwara. Layi na huɗu, kusa da bango. Ta rame. Ba ta rubutu, ta tallafe kumatu. Rigar da ke jikinta ba a goge ba.

Na yi niyyar in jira su fito. Na tsaya. Wata mai shara ta zo da bokiti, yarinya ce, ta ce Mama ko kin ɓata ne. Na ce mata a'a, na ce kuma ta riƙa fara sharar daga layin sama tana saukowa, in ba haka ba aiki biyu za ta yi. Ta ce to, ta wuce. Da na ji ƙarar kujeru za su tashi sai ƙafata ta juya da kanta. Ban san me zan ce mata a gaban mutane ba.

A dawowa na sauka ba a inda na saba ba. Titin duk shaguna iri ɗaya. Na ɗan zagaya. Mai sayar da jarida ya nuna min kwanar. Ban ɓata ba. Rubuta ban ɓata ba, na dai ɗan zagaya.

Laraba, da safe

Wani direba ya kawo kwali takwas a ninke da igiya, wai Babanta ya ce a fara haɗa ƙananan kaya. Na ce ya jingine su a baranda. Malama ta ce ko ta taya ni. Na ce ba yau ba.

Na zauna ina kallon ɗakin. In aka kai ni can, ina zan ɗaure akuyar?

Alhamis, da la'asar

Tara. Ƙofar ma yau ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, bayan la'asar

Yau ba Malama ce take rubutu ba. Takwara ce. Na ce ta rubuta haka, kuma ta rubuta yadda na faɗa ko da ita aka ambata.

Ƙofar ta yi ƙara ban tashi ba, na gaji da zama kare. Sai na ji an tsaya a bakin ɗaki ba a shigo ba. Na ga ƙafa kusa da silifas. Ta yi sallama da ƙaramar murya. Na amsa. Na ce a jami'a ba a koyar da guga ne. Ta shigo ta zauna a ƙasa, ba a kan gado ba.

Ta ciro takardu daga jaka, duk jan biro. Ta ce malaminsu ya dawo musu da aikin jiya, ya ce ta same shi a ofis. Ya tambaye ta ajin da kakarta ta kai, ta ce ba ta yi ko ɗaya ba. Ya ce to wadda ba ta taɓa riƙe biro ba aka ce ta zana agogo, me aka auna, kanta ko makarantar da ba ta je ba? Ya ce tun ranar farko ya gaya musu aikin na koyon tambaya ne, mako shida na karatu bai mai da kowa likita ba. Ta ce a ajinsu rabin ɗalibai sun gano wa iyayensu ciwo, wata ma ta gano wa kanta uku.

Na ce ta ajiye takardun ta saurara. Na tashi tsaye na zagaya ɗakin ina nunawa. Madubi, kogi, allura, akuya, gishiri, tsani, lemo, takalmi, gajimare. Na ce tara ne, ta goman ta ƙi, na yi mako uku ina nema. Na ce na haƙura, ta faɗa min.

Ta rufe fuska da hannu. Ta ce, "Kaka, babu ta goma."

Ta ce malamin ya saurari muryar da ta ɗauka, ya ƙirga. Tara ta karanta min. Hannunta yana rawa ranar, ta tsallake layin ƙarshe. Ta kunna min wayar na ji da kunnena, muryarta tana gudu kamar ana binta, ta tsaya a gajimare.

Na ce to mece ce a takardar.

Ta ce, "Tsintsiya."

Na zauna. Na yi dariya har da tari, Malama ta ƙwanƙwasa daga sama da sandarta. Ni da na yi shekara ashirin da shida da tsintsiya a hannu. Ga ta can a bayan ƙofa, kullum ina wuce ta ina neman kalma. Na ce da kin faɗa min ita, ko a makara nake sai na miƙo miki.

Na ce ita ma ta rufe takardar ta jero min. Shida ta kawo. Na ce a bugo wa Babanta a ƙaro kwali.

Da dariyar ta kwanta sai na nuna mata gado. Na ce ta sa hannu ƙarƙashin gado, can ciki bayan akwati. Ta jawo. Ƙaramar tukunyata ce mai murfin gilas, cikinta baƙi ƙirin, hannunta ya narke. Kwana biyu kafin ta yi min tambayoyin na ɗora shinkafa na fita baranda shan iska. Ban tuna da ita ba. Ba wai na tuna a makare ba, a'a, fita ta yi daga kaina gaba ɗaya, sai da hayaƙi ya fito ta taga. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wannan ma a rubuta, da na ranar Talata, cewa ba zagayawa na yi ba.

Ta ce, "Na gani, Kaka. Tun ranar na gani, ina neman takalmina. Shi ya sa hannuna yake rawa."

Ashe ba littafi ne ya tsorata ta ba. Littafin ta riƙe kawai, don ba ta da abin riƙewa.

Na ce mata maganar da na faɗa ranar ba gaskiya ba ce, ba ta kama da kowa sai ni, har taurin kan. Ta matso ta jingina da gwiwata. Ban duba ba, amma na ji nauyi a bakin zanina.

Ta bugo wa Babanta a gabana. Sun daɗe. Ta gaya masa na tara, ta gaya masa na tukunya, duka biyun. Ya yi faɗa, sannan ya ce a ba ni. Na ce masa ya zo gobe in yana so, amma ba da babbar mota ba. An tsaya a kan ranar Litinin ta kai ni asibiti wajen likitan gaske, wanda malaminsu ya ce yana da tambayoyin da ba na biro ba. Abin da likitan ya ce sai a duba. Kafin nan ina ɗakina. Za ta dawo da kwana nan. Kan gas ɗin yana jakarta duk makonnin nan, tana yawo da shi aji aji. Ta mayar da shi. Zan riƙa girki in tana nan ko Malama tana nan. Ban so ba, amma na ce to.

Kwalayen suna baranda har yanzu. Na ce kar a mayar, kar kuma a buɗe.

Ta ɗora ruwan shayi. Na ce ta rage wutar, kullum sai ta cika ta. Rubuta goma. Madubi, kogi, allura, akuya, gishiri, tsani, lemo, takalmi, gajimare, da wadda ke bayan ƙofa.

Na gaji, Takwara. Ajiye biron.

Wannan Malama ce ta ƙara min daga baya. Takwara ta jingina da bango ta rufe ido. Butar ta fara ƙara, ta buɗe ido ta dubi wutar, ta ga ina kusa, ta sake rufewa.